Jawabin Buɗe Baje Kolin Tsofaffin Kuɗi na Al'ummar Hausawan Inugu, Anacha da Fatakwal

 

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin kasuwa, sarakunan pawa, 'yan canji, iyayenmu mata, 'yan'uwanmu Ibo masu masaukinmu, da baƙin da suka taso daga Anacha da Fatakwal, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan ƙungiya tamu a majalisar hira aka haife ta. Dattijo ɗaya zai fito da sule daga aljihu ya ce na mahaifinsa ne, wani ya ce ai shi yana da fataka a gida. Daga nan aka shiga buɗe adakar gwaggo da gwangwanin kaka, har abin ya kai ga teburan da ke gabanku. Mun ɗauki aikin da muhimmanci saboda iyayenmu da suka zo ƙasar nan fatauci ba su bar mana littattafai ba. Kuɗin da suka ƙirga da hannunsu su ne shaidar da ta rage.

A teburin farko za ku ga wuri, wanda aka riƙa kawowa tun daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya. A ƙasar Hausa wuri 20,000 shi ne keso ɗaya, kuma sai an nemi mai ɗauka. Kusa da shi akwai liyari na azurfa mai ɗauke da shekarar 1780, wanda fatake suka san darajarsa daga Tarabulus har Kano. Sai munduwar tagulla da mutanen nan ke kira okpoho. Da ita aka yi cinikin manja a Aba da Opobo da Kalaba, har gwamnatin Turawa ta saye fiye da miliyan 32 daga hannun jama'a, ta hana amfani da ita a 1949. Bahaushen da ya kora shanu zuwa kudu dole ya iya lissafin wuri, ya iya na okpoho, ya kuma san yadda ɗaya ke komawa ɗaya. Ku 'yan canji, sana'arku daga nan ta samo tushe.

Tebur na biyu na zamanin Turawa ne. An gano kwal a yankin Inugu a 1909, jirgin ƙasa ya haɗa ta da Fatakwal a 1916, daga baya layin ya ratsa Makurɗi ya kai Kaduna. Tare da jirgin mutanenmu suka ƙaru, kuma sabon kuɗi ya bazu. Ga anini mai huda a tsakiya, wanda aka fara bugawa a 1907, da tauraro a bayansa da rubutun Larabci a gabansa. Anini 10 kwabo, kwabo 3 taro, 6 sisi, 12 sule, sule 20 fam. Ku duba kwabon 1936 da kyau. Sunan Sarki Edward na Takwas ke jikinsa, wanda ya sauka daga gadon Ingila bai cika shekara ba. Irin waɗannan kwabbai su ne a aljihun jama'a lokacin da Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, da ƙuri'un mutanen garin nan.

Tebur na uku ina roƙonku ku tsaya a gabansa da natsuwa. Babban Bankin Najeriya ya fitar da kuɗin ƙasa na farko a 1959. Ba a cika shekara goma ba yaƙin basasa na Biyafara ya ɓarke. Mutanenmu suka bar rumfunansu suka koma Arewa, Ibo suka bar nasu suka dawo gida. A farkon 1968 gwamnati ta canza takardun kuɗi, Biyafara ta buga nata, ta ƙara da kwabban goran ruwa a 1969. Da yaƙi ya ƙare a 1970, da yawa cikin masu ajiya a wannan yanki fam 20 kacal suka karɓa. Mun ajiye kuɗin Biyafara a gefen na Najeriya da gangan, domin 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu su ga abin da gaba ta ci, su gode wa Allah da ya maido da mu kasuwa ɗaya.

Sai naira da kwabo na 1 ga Janairu 1973. A jikinsu an zana auduga da gyaɗa da koko da kwakwar manja da rijiyar mai, wato arzikin kowane sashe a aljihu ɗaya. A 1977 aka fitar da naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammad. Yau ga yaranmu sun girma ba su taɓa sayen ko alawa da kwabo ba.

Roƙona uku ne. Iyayenmu mata, tsohon kuɗin da ke cikin adaka kada a ba 'yan gwangwan, kada a kai wa maƙeri ya narke. Matasa, kada ku goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, hakan na cinye rubutun. Ku riƙe shi ta gefe, ku nisanta shi da laima, musamman ku na Fatakwal. Na uku ya fi duka: kowane kwabo a rubuta wanda ya kawo shi, da garin da aka same shi, da abin da ake saya da shi a lokacin. Dattawan da suka sani suna raye a cikinmu, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ku je ku durƙusa ku tambaye su tun Allah bai karɓi abinsa ba.

Ranka ya daɗe, da izininka, ina bayyana buɗe wannan baje koli ga kowa, Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya albarkaci kasuwanninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.