ƊAN TALAKA DA ƘOFAR JAMI'A: ABIN DA YA KAMATA UBA YA SANI

Wannan lacca ce wani tsohon malamin makaranta ya yi wa 'yan kasuwa da masu sana'a a birnin Katsina. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa.



Na gode muku da kuka rufe rumfunanku kuka zo. Ba zan cinye muku lokacin ciniki a banza ba. Maganar da na zo da ita ta 'ya'yanku ce waɗanda ke sakandare, watau yadda uba zai taimaki ɗansa ko 'yarsa su wuce zuwa jami'a ko wata babbar makaranta, ko da shi uban bai taɓa zama a aji ba.

Ku tuna, a garin nan aka kafa babbar makarantar boko ta farko a Arewa. An fara Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta a 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a nan suka yi karatu. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, daga baya ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yanzu, tsohon gininta kuwa ya zama gidan tarihi. A wancan zamani En'e ke zaɓen yaron da zai shiga makaranta, talaka ba shi da ta cewa, wasu iyayen ma ɓoye 'ya'yansu suke yi. To, yau fa? Ku bi hanyar Dutsin-Ma ku gani: ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa wadda aka kafa a 2006, ga Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman, ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya. Ga kuma Jami'ar Al-Ƙalam tun 2005, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tun 2011. Makarantu sun zo mana har ƙofar gida. Amma wa ke cika su? Mai kuɗi da babban ma'aikaci sun san hanya, sun san lokaci, sun san takardun da ake nema. Ɗan mai tireda kuwa sau da yawa ya fi ɗansu ƙoƙari a aji, sai ya tsaya a bakin ƙofa saboda wani ƙaramin kuskure da ba wanda ya nuna masa.

Na san abin da waninku zai ce: Malam, ni ban yi boko ba, yaya zan yi? Amsata ita ce, kai da ka san watan da ake sayen gero a ɓoye, ka san ranar Kasuwar Mai'aduwa da ta Caranci, kana riƙe bashin mutum arba'in a ka ba tare da littafi ba, ka fi ƙarfin wannan lissafi. Shiga jami'a ma yana da kakarsa, da farashinsa, da dillalansa na gaskiya da na ƙarya.

TUN DAGA AJI HUƊU

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancinmu sai yaro ya kai ajin ƙarshe, ya zo yana neman kuɗin fom, sa'an nan muke tambayarsa me zai karanta. Alhali kuwa maganar ta riga ta yanke shekara uku baya, ranar da ya gama ƙaramar sakandare aka raba su, wasu ajin kimiyya, wasu ajin adabi, wasu ajin kasuwanci. Yaron da bai yi Fiziks da Kimistiri da Bayoloji ba, ba zai zama likita ba ko da ya fi kowa maki. Mai son injiniya lalle ya riƙe Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Mai son lauya, yawancin jami'o'i suna neman ya ci Adabin Turanci. Mai son aikin akanta ba shi da makawa sai da Lissafi da ilmin tattalin arziki.

Saboda haka ranar da ɗanka zai shiga aji huɗu, ka ɗauki ƙafarka ka tafi makarantar. Ka nemi malamin ajinsa ka tambaye shi abu biyu: ina yaron nan ya fi ƙarfi, kuma darussan da aka ba shi ina za su kai shi? Matambayi ba ya ɓata. Kana ka zauna da yaron ka ji ta bakinsa. Na ga iyaye da yawa sun tilasta wa ɗa karatun likita don a ce da su baban likita, yaron ya ɓata shekara uku yana faɗuwa, alhali da an bar shi ya karanci aikin gona ko koyarwa da tuni ya kama aiki. Shawara taka ce, amma shi zai zauna a ajin.

JARRABAWA BIYU CE

Ku gane wannan sosai, domin nan ake ruɗa mu. Jarrabawa iri biyu ce, kuma ɗaya ba ta ɗauke wa ɗaya.

Ta farko ita ce ta gama sakandare, watau WAEC ko NECO, haka kuma ana karɓar NABTEB ta makarantun sana'a da NBAIS ta makarantun Arabiyya. Abin da jami'a ke nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, ciki har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Ga masu kimiyya da kasuwanci Lissafi ma dole ne, ni kuwa shawarata kowane yaro ya nemi cin sa.

Ta biyu ita ce ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darasi huɗu ake yi, Turanci dole, sauran uku bisa ga kwas ɗin da yaro ya zaɓa, maki duka 400. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, ba takarda ba fensir. To, ku duba yaron da bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ga agogo yana tafiya, ga tambaya 180 cikin awa biyu. A 2025, cikin yara wajen miliyan 1.9 da suka zauna, mafi yawansu ba su kai maki 200 ba. Don haka kuɗin da za ka kashe ɗanka ya yi wata ɗaya ko biyu yana gwaji a kwamfuta da tsofaffin tambayoyi, ya fi ɗinkin Salla amfani.

Kada kuma a yaudare ku da mafi ƙanƙantar makin da ake faɗa a rediyo. A 2025 an sa 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilmi. Wannan kuɗin shiga kasuwa ne kawai, ba kuɗin kaya ba. Kowace jami'a tana da nata ma'auni, kowane kwas kuma da nasa, likita da lauya da aikin magani sun fi tsada nesa ba kusa ba.

SUNA DA LAYIN WAYA

Zan ba ku labarin wani yaro da na koyar, ɗan mai sayar da goro. Ya ci jarrabawa biyun duka da kyau, amma ya yi shekara guda a gida yana jiran rumfa. Me ya jawo? A takardar sakandare an rubuta sunansa iri ɗaya, a katin ɗan ƙasa an rubuta wani iri, ranar haihuwa ma ta bambanta. Bugu da ƙari, mai shagon kwamfutar da ya cika masa fom da lambar wayarsa ya yi amfani, saƙo ya zo ba wanda ya gaya wa yaron. Kafin a gyara, lokaci ya wuce.

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Don haka tun yaro yana aji biyar ka kai shi a yi masa. Ka sa a jera maka takardar haihuwa, da ta NIN, da rajistar makaranta, a karanta maka harafi harafi. Muhammad da Mohammed a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum biyu ne. Kana ka keɓe layin waya guda saboda wannan aiki, ka adana shi kamar yadda kake adana takardar fili, domin da shi ake karɓar lambar rajista, kuma in ya ɓata wahala ce babba. Rajista kuwa a cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake yi, yaron da kansa zai je ya dangwala yatsa.

KUƊI DA DILLALAI

Galibi a farkon shekara ake sayar da fom ɗin JAMB, a yi jarrabawar wajen watan Afrilu, WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli. Kun ga duk kuɗin a cikin 'yan watanni yake taruwa. A 2025 rajistar JAMB naira 7,200 ce, da jarrabawar gwaji 8,700. Tantancewar da jami'a ke yi daga baya, gwamnati ta ƙayyade kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. Wanda ya fara zuba adashi tun yaro yana aji biyar ba zai karya jarinsa ba. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan.

Akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba shi da ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma sai yaro ya sami gurbi yake nema, kuma bashi ne, ba kyauta ba.

Yanzu ga dillalan ƙarya. Wani zai zo rumfarka ya ce yana da hanya, ba ni kaza in samo wa ɗanka gurbi, ko in ƙara masa maki. Ku sani tun 2017 duk gurbin gaskiya ta wani tsari na JAMB mai suna CAPS yake fitowa. Yaro zai duba da kansa, ya ga sunan makaranta da kwas, ya danna ya karɓa cikin wa'adin da aka sa. Gurbin da bai bi ta nan ba, ɗanka yana iya yin shekara huɗu ya gama, a zo hidimar ƙasa a ce ba a san da shi ba. Wanda kuma ya yi rajista kafin sakamakon WAEC ko NECO ya fito, lalle ya koma a ɗora masa sakamakon, in ba haka ba ba za a duba shi ba.

HAƘƘINMU DA HANYOYINMU

Ga wani haƙƙi da yawancin talakawa ba su san suna da shi ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani, Katsina kuwa tana ciki. Watau ɗan Katsina ya fi samun sauƙi a Dutsin-Ma, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, bisa ga jami'a mai nisa. Don haka ka nemo masa takardar shaidar ƙaramar hukumarsa tun da wuri, kuma a yi hankali da zaɓi na farko, shi jami'o'i suka fi dubawa.

In maki bai kai ba, kada a zauna a gida ana jiran baɗi. Mai difloma daga Hassan Usman, ko NCE daga Kwalejin Ilmi ta Tarayya ko ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, in sakamakonsa ya yi kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ga kuma sana'a a hannu. Akwai makarantar share fage ta Ahmadu Bello a Funtuwa, inda ake yin IJMB. Akwai makarantar koyon jinya a nan Katsina da ta ungozoma a Malumfashi.

Wannan ya kawo ni ga 'ya'yanmu mata. Kowanenmu in ya kai iyalinsa asibiti mace yake so ta duba ta. To, 'yar wa za ta zama likitar, in kowa ya tsayar da tasa a aji shida? In an sa mata rana, a yi maganar karatun tun a wajen neman aure, dattawa su shaida. Makarantun nan a cikin gari suke, tana iya zuwa daga ɗakinta.

Jama'a, abin da nake roƙo kaɗan ne. Yau da dare, bayan sallar Isha'i, kowa ya kira ɗansa ko 'yarsa ya tambaya: wane aji kake, waɗanne darussa kake yi, me kake so ka zama? Cikin makon nan a je makaranta, a duba takardu. Ku shugabannin layi-layi na kasuwa, ku nemi ɗaya daga cikin 'ya'yanku da suka gama jami'a ya riƙa zama ranar Asabar yana duba wa jama'a fom kyauta. Ni ma duk ranar da kuka kira ni zan zo.

Allah ya shiryi zuriyarmu, ya ba su ilmi mai amfani, ya sa albarka a kasuwa. Amin.