Talaucin Iyali a Jos: Daga Ramin Kuza Zuwa Kasuwar Tasha
(Jawabi ga 'yan'uwanmu mazauna Kudu)



Na zo ne in yi muku magana a kan gida, watau Jos, da halin da iyali ke ciki a can. Da yawa daga cikinku ba sha'awar Ikko ta fito da ku ba, neman abin da za a aza a kan murhu ne. Saboda haka ya kamata mu san mafarin wannan talauci, domin yana da tarihi.

Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka buɗe haƙar kuza a Naraguta da Bukuru, talakawa suka yi ta kwararowa daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno suna lebura. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, har aikin tilas aka sa mutane. Kuza ta tafi Ingila, riba ta bi ta, aka bar mana ramuka da kududdufai a gonakin mutanen ƙasa. Da farashin kuza ya faɗi a kasuwar Landan a 1985, sai aikin kamfanoni ya durƙushe, magidanta suka zauna hannu rabbana.

Sa'an nan a 1986 aka kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube. Rikicin Satumba 2001 ya raba unguwanni, ya bar gwauraye da marayu, Musulmi da Kirista. A Fabrairu 2002 kuma babbar kasuwar Jos ta ƙone, ta yi fiye da shekara 20 ba a mayar da ita yadda take ba.

To, me gwamnatoci suka yi? Ba za a ce ba su yi komai ba. An yi ilmin firamare kyauta a 1976. An yi shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, da Bankin Jama'a a 1989, da shirin tallafa wa iyali a 1994, da hukumar yaƙi da fatara a 2001. Daga 2016 aka soma bai wa gidaje matalauta naira 5,000 a wata, da ciyar da 'yan firamare. Amma aibin yawancinsu guda ne: kowane ya zo da mai shi, ya tafi da mai shi. Kuma da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, kuɗin mota da na hatsi suka haɗiye ɗan abin da aka bayar.

Ra'ayinmu shi ne, taimakon iyali ya zama doka, kada ya zama kyautar mai mulki. A tsayar da makarantu da asibitocin unguwa. A gyara kududdufan kuza domin noman rani. A yi wa mai dankalin Turawa da tumatir hanya da wurin ajiya, domin kayan da ke tashi daga Farin Gada su iso Mile 12 ba su ruɓe ba. A bai wa mata jari ba tare da an tambayi addininsu ko ƙabilarsu ba, gama yunwa ba ta tambaya.

Ku kuma, 'yan'uwa, kuɗin da kuke aikawa gida shi ne tallafin da bai taɓa yankewa ba. Ku haɗa adashe, ku ware na makarantar yara tun kafin na biki, musamman 'ya'ya mata. Ku yanki katin zaɓe, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku ku tambaye shi me zai yi wa iyalinku, kuma yaushe.

Allah ya zaunar da Jos lafiya, ya mai da ku gida da alheri. Wassalam.