AMSAR WASIƘA: YARO DA MOTAR KARA



Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan tireda a Babbar Kasuwa, nan Katsina. Ya ce ɗansa mai shekara 9 ya ishe shi. Kullum yana bin rumfuna yana tsintar gwangwanin madara da marfin kwalba, jiya ma ya yanka silifas ɗin uwarsa ya yi tayar mota. Ya yi dukan har ya gaji. Shin wannan ba hanyar lalacewa ba ce?

To Alhaji, silifas kam a biya uwar yara, amma a ajiye bulalar nan.

Wane ne a cikinmu bai yi motar kara ba? Bayan girbin dawa ka samo kara, ka ɓare ɓawon, ka yayyanka totuwar, ka soke su da juna har mota ta tashi. Da damina kuma a kwaɓa laka a gina shanu, har da tozo da ƙaho. Mata su yi 'yartsana da tsumma. Lokacin da nake koyon aikin malanta, sai da aka sa mu gina irin waɗannan da hannunmu, aka ba mu maki a kai. Dalili kuwa, yaron da ya yi tayoyi huɗu ya ga ɗaya ta fi sauran girma, motar tana ɗingishi, to ya fara koyon awo ke nan ba tare da alli ba.

Duba takardar naira 20 a aljihunka. Matar da ke bayanta Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane. Tun tana yarinya ta fara taɓa yumɓu a gida, ta kai har Ingila da Amurka tana nuna aikinta. Ta rasu a 1984.

Sai dai a kula. Bakin gwangwani wuƙa ne, kai za ka yanka masa ka danƙare bakin. In mai tsatsa ya yanke shi, a kai shi asibiti a yi allura. Manoma kuma don Allah, robar maganin feshi guba ce ko an wanke ta, kada yaro ya taɓa.

Ka ware masa kwali guda a bayan rumfa yana tara kayansa, da sharaɗin sai an taso makarantar allo da ta boko. Ranar Juma'a da yamma ka zauna ku yi mota ɗaya tare, sannan ka sake rubuto mana.

Wassalam.