JAWABI GA RASSAN DAMARGU: ICEN GONA NA MAI GONA NE

'Yan'uwa, shugabanni da wakilan rassa na Tanut da Belbeji.

Kowa ya san Damargu rumbun gero ce tun kaka da kakanni. Ayarin Abzinawa nan suke zuwa da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi. Sai fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984. Itatuwa suka mutu, sauran gatari ya cinye su. Ƙasa ta zama tsirara, iska tana binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu ko sau uku kafin ta tsaya.

To, magani yana cikin gonar. A 1983, a ƙasar Maradi, Tony Rinaudo da manoma suka soma abin da ake kira sassaben zamani. In ka zo sharar gona, kada ka ƙone kututture. Zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Saiwar tana da rai a ƙasa, ba ta bukatar ban ruwa. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka a Nijar, galibi a jihohin Maradi da Damagaram, da itace kamar miliyan 200. Mu ma muna da aduwa, da magarya, da anza, da kandili. A Dalli, kusa da Tanut, ƙungiyar Eden ta soma gwajin shuka itatuwan abinci daga ƙwaya tun ƙarshen shekarun 1980. Ga kuma tassa da rabin wata, masu tare ruwa a faƙo.

Amma me ya sa wani manomin yake ja da baya? Ba wauta ba ce, jama'a. Dokar daji ta Faransawa ta 1935 da ta 1974 sun sa ice a hannun hukuma. Mutum ya sare reshe a gonar ubansa, a ci shi tara. Saboda haka ya gwammace ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Wa zai yi kiwon akuyar da ba zai sha nononta ba?

Yau magana ta sake. An yi sabuwar dokar daji a 2004, kuma ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan sassaben zamani, wadda ta ba manomi hakkin morar icen da ya raina. Sai dai dokar da ke kwance a ofis a Yamai ba ta tsare gonar kowa. Wannan shi ne aikinmu.

Na ɗaya, kowane reshe ya nemi malamin daji ya zo ranar kasuwa ya bayyana dokar da Hausa da Tamashek da Fillanci, a gaban mai gari.

Na biyu, ƙasarmu mahaɗar noma da kiwo ce, tun dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa. Kwamitin tsaron itace da babu makiyayi a ciki ba zai daɗe ba. A zauna da su, a bar burtali a buɗe, a yi sharaɗin sassaƙo.

Na uku, mai gonar aro da mace mai gamana su ne suka fi tsoro, don ana iya karɓe gonar bayan ice ya girma. A kai su gaban kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, a rubuta sharaɗi da shaidu.

Na huɗu, wakili ya fara da gonarsa. Manomi da ido yake karatu.

Ku kai wannan magana kasuwa kafin sharar gona ta bana. Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.