Yaron Da Ba Ya Waiwayowa

Yau ba zancen sauro ko ruwan sha za mu yi ba. Zancen wani yaro ne, wanda na tabbata akwai irinsa a unguwarku, ko da an ɓoye shi can ƙuryar ɗaki.

Bari in fara da kuskuren kaina. Sa'ad da nake sabon ma'aikaci a wani ɗakin shan magani na ƙauye, wata mata ta kawo mini ɗanta mai shekara 3. Ta ce ba ya magana, in an kira shi kuma ba ya waiwayowa. Na kira sunansa, na tafa hannu a bayansa, ko gezau. Na ce mata kurma ne, ta yi haƙuri. Tana gyara mayafi za ta tafi, sai na ɓare alewa zan ba wata yarinya da na yi wa allura. Motsin takardar nan kaɗai, sai ga yaro ya juyo daga bakin ƙofa, ya zo ya kama hannuna, bai ko dubi fuskata ba. Kunya ta rufe ni, gama kurma ba ya jin motsin takardar alewa.

Abin da ke tare da yaron nan, likitoci suna ce da shi otizim. A nan ƙasarmu za ku ji ana cewa galahanga, amma mutane sun haɗa lalurori da yawa cikin wannan suna ɗaya, shi ya sa zan riƙe sunan likitoci. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a birnin Baltimo na Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana shi filla-filla a shekarar 1943, bayan ya lura da yara 11, maza 8, mata 3. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ku ƙirga yaran makarantar allon da ke kusa da ku, ku ga ko abin nesa ne. An fi gane shi ga maza, amma mata ma suna da shi, sai dai sau da yawa akan ɗauka kunya ce kawai.

To, mene ne shi? Ba cuta ce mai yaɗuwa ba, ba hauka ba ne kuma. Ƙwaƙwalwar yaron ce ta ginu bisa wata hanya dabam tun yana ciki. Abin da ku kuke yi ba da tunani ba, watau duban fuskar mai magana, da gane wasa, da sanin an yi fushi, shi sai an koya masa kamar karatu. Abin da ba ya damunku kuwa, kamar ƙarar injin niƙa, ko kiɗan biki, ko ƙaiƙayin sabuwar riga, shi yana iya zame masa azaba. Kadan kun ga ya toshe kunne, ya faɗi yana birgima a kasuwa, ba iskanci ba ne, abin ya fi ƙarfinsa ne. Yakan so kome ya tsaya yadda ya saba: kwanonsa, wurin zamansa, hanyar da ake bi da shi. Yakan jera marafan kwalba wuni guda, ko ya kaɗa hannuwa, ko ya yi ta lilo da jikinsa. Wannan shi ke kwantar masa da hankali, ku bar shi muddin ba ya ji wa kansa ciwo.

Kada ku zaci dukansu ɗaya ne. Wani ba zai yi magana ba har girma. Wani kuwa yana da baki, ya haddace abin da ya ji sau ɗaya, amma ya kasa gaisuwa yadda ta kamata, sai a ce ba shi da tarbiyya.

Ku iyaye mata, ga abin da za ku lura da shi. Yaro ya cika shekara, ana kiran sunansa ba ya juyowa. Ya kai wata 16 bai faɗi kalma ko ɗaya ba. Ya kai wata 18 ba ya nuna akuya ko jirgin sama da yatsa don ku ma ku duba. Ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba. Ko kuwa ya fara cewa “Mama”, “ruwa”, sa'an nan maganar ta ɓace. Na san kunyar ɗan fari takan hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane. To, ke kaka, ke gwaggo, wannan aikin ya faɗo kanku.

Ɓacewar maganar nan takan zo tsakanin shekara ɗaya da rabi da shekara biyu, daidai lokacin yaye. Don haka sai a ce yayen ne, ko cikin da uwar ta samu, ko kishiya ta yi sammu, ko allurar riga-kafi. A kan allura sai in tsaya kaɗan. A 1998 wani likita a Ingila ya wallafa cewa allurar ƙyanda irin tasu tana jawo otizim. Aka bincika, aka iske ya yi maguɗi. A 2010 mujallar ta janye rubutun, shi kuma aka hana shi aikin likita. A 2019 masana a ƙasar Danmak suka ba da sakamakon bin yara fiye da 650,000, ba su ga allurar ta ƙara kome ba. Ƙyanda kuwa tana kisa, tana makantarwa. Ku kai yaranku.

Mafi yawan dalilin abin gado ne, daga wajen uba da uwa duka. Haihuwar bakwaini da tsufan iyaye suna ƙarawa kaɗan. Turawa ma sun taɓa ɗora laifin bisa uwa, wai ba ta nuna wa ɗanta ƙauna ba. An daɗe da tabbatar da cewa ƙarya ne. Saboda haka kai maigida, kada ka saki matarka a kan wannan, kada kuma ka bar 'yan'uwanka su riƙa yi mata habaici. Matar nan da na gaya muku, saura kaɗan aurenta ya mutu, wai jininta ne ba shi da kyau.

Akwai magana mai nauyi. Yaran nan da yawa suna son ruwa ƙwarai, suna kuma sulalewa daga gida ba da sanin kowa ba. Mutane suka ga haka suka ce ɗan ruwa ne, iyayensa na kiransa. Ba ɗan ruwa ba ne, ɗanku ne, bai san haɗari ba kawai. Ku rufe rijiya da murfi mai nauyi, ku sa wa ƙofar zaure sakata sama inda hannunsa ba ya kaiwa. In ya ɓace, a fara duba kududdufi da rafi tukuna. Amma ɗaure shi a turke kamar ɗan akuya, da duka, da turara masa hayaƙi, da tsaga, ba su taɓa buɗe bakin yaro ba. Tsoro suke ƙara masa. Addu'a kam ku yi, ba ta hana zuwa asibiti.

A asibiti za a fara gwada kunnensa. Sa'an nan a tura ku wurin likitan yara a babban asibiti, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, kamar na Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Babu allura ko ƙwaya da ke kawar da otizim. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya warkar da shi, aljihunku yake so. Amma farfaɗiya, wadda takan haɗu da shi ga waɗansu, tana da magani, haka rashin barci.

Babban aikin a gida yake, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki yi magana gajere: “Ga ruwa. Sha.” Ki jira, kada ki yi gaggawa. Ki shiga wasan da yake so, in marafai yake jerawa ki miƙa masa ɗaya ɗaya. In ya nuna abu da hannu ko da hoto, wannan ma magana ce, a amsa masa. Za a yi tafiya ko baƙi za su zo, a gaya masa tun da wuri. Kai kuma malam, ajiye bulala, zaunar da shi gefe inda hayaniya ba ta da yawa. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a 2019, ta ba shi hakkin karatu kamar kowane yaro.

Na farko cikin yaran nan 11 na Likita Kanner sunansa Donald Triplett, mutumin wani ƙaramin gari ne, Forest, a jihar Misisifi. Yana ƙarami aka kai shi gidan ajiye yara, ya yi wajen shekara guda, iyayensa suka kasa haƙuri suka ɗauko abinsu. Ya yi karatu, ya yi aikin banki shekara da shekaru, ya tuƙa motarsa, ya zaga ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Gaskiya, iyayensa masu hali ne, kuma ba kowane yaro zai kai nan ba, waɗansu za su bukaci mai kula da su har tsufa. Amma mutanen garin sun san halinsa, sun ɗauke shi nasu, ba su bar kowa ya wulakanta shi ba. Wannan kam ba ya cin ko kwabo.

Yaron alewar nan fa? Na gan shi bayan shekaru. Maganarsa ba ta da yawa har yanzu, amma shi ke ba tumakin gidansu dusa safe da yamma, in ɗaya ta yi ƙwauron ci shi ke fara ganewa.

Lokacinmu ya ƙure. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan farfaɗiya, da abin da za a yi sa'ad da mutum ya faɗi.