Daga Ina Magana Ta Faro?



A shekarar 1866 Ƙungiyar Nazarin Harshe ta birnin Faris ta kafa doka cewa ba za ta ƙara karɓar takarda kan asalin harshe ba. Ta gaji da shaci-faɗi. Ban ga laifinta ba, domin magana ba ta barin ƙashi a ƙasa balle a tono, rubutu kuwa bai wuce shekara dubu biyar da 'yan kai ba.

Tun kafin wannan doka, malaman Musulunci sun tafka wannan muhawara. Ibn Faris ya tsaya a kan tauƙifi, wato Allah ne ya koyar da harshe, hujjarsa aya ta 31 a Suratul Baƙara. Wasu Mu'utazilawa suka ce isɗilahi ne, mutane suka daidaita a tsakaninsu. Ibn Jinni, wanda ya rasu a 1002, ya kawo ra'ayi na uku a littafinsa Al-Khasa'is: kwaikwayon ƙarar iska da ruwa da kukan dabbobi. Bahaushen da ya ce yaro ya faɗa rijiya tsundum zai gane wannan nan take. To amma wace ƙara aka kwaikwaya aka samu "jiya", ko "da a ce"?

Darwin a 1871 ya ce waƙa ta riga magana. Masanin harshe Chomsky na ganin wani sauyi ne ya auku a ƙwaƙwalwa farat ɗaya. Kowanne da magoya bayansa.

Ni inda hankalina ya fi kwanciya shi ne Nikaragwa. A 1977 aka buɗe wa yara kurame makaranta a Managuwa. Kafin nan kowane yaro yana gidansu da 'yan alamun da yake nuna wa uwarsa, na ci da sha da barci. Malamai suka dage sai sun koya musu karanta leɓe da Sifaniyanci, abin bai yi nisa ba. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suna ta yi wa juna nuni da hannu. Da masaniyar harshe Judy Kegl ta iso a 1986, sai ta tarar da harshe yana tsayuwa da ƙafarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanana ne suka ɗaure masa nahawu. Wata mai bincike, Ann Senghas, ta nuna cewa manya kan kwatanta abu yana mirginawa ƙasa da motsi guda, ƙannensu kuwa suka raba shi biyu, mirginawa daban, gangarawa daban, yadda za a iya ɗaukar kowanne a haɗa shi da wata alama.

Waɗannan yara ƙwaƙwalwarsu irin tamu ce, don haka ba su nuna mana ranar farko ba. Sun dai nuna sharaɗi: baiwar tana jikin kowane yaro, amma ba ta zama harshe ba sai da aka tara su, kuma sabbi suka riƙa shigowa bayan tsofaffi.

Ɗalibai, ba sai kun je Managuwa ba. Kuramen Kano suna da Maganar Hannu, wadda Constanze Schmaling ta wallafa littafi a kanta a 2000. Ku je inda suke zama, ku nemi izininsu, ku ɗauki hirar dattawansu da ta yaransu a bidiyo, ku gwada ku ga me ƙananan suka sauya.