Taurari Masu Numfashi

Manomin Kankiya ko Kusada ya daɗe yana duban Kaza da 'Ya'yanta don sanin lokacin damina, yana ɗauka haskensu ɗaya ne kullum. To, binciken masana ya nuna akwai taurarin da ke kumbura suna saɓewa tamkar ƙirjin mai numfashi, haskensu kuma yana ƙaruwa yana raguwa bisa ƙa'ida. Wannan dabam yake da ƙyalƙyalin da ido ke gani, wanda motsin iskar duniya ke haddasawa.

A shekarar 1784 wani Bature ɗan Ingila, John Goodricke, ya lura cewa tauraron Delta Cephei yana dusashewa ya komo cikin kwana 5 da 'yan sa'o'i. Dalilin haka, kamar yadda Zhevakin na Rasha ya bayyana a 1953, shi ne wani shimfiɗi na iskar hiliyam a jikin tauraron. Idan ya matsu sai ya tare zafin da ke fitowa daga ciki, zafin ya tura shi waje. Da ya buɗe sai zafin ya kuɓuce, nauyi ya maido shi ciki, a sake sabon zagaye.

Bugun kuwa iri-iri ne, kamar yadda fatar ganga guda kan ba da amo fiye da ɗaya. Akwai babban bugu, watau tauraron ya kumbura gaba ɗayansa. Akwai wanda cikinsa ke matsewa yayin da bayansa ke buɗewa, kuma irinsa ne masana suka fi danganta wa tauraron arewa, wanda ake hangowa ƙasa-ƙasa daga Kankiya, mai zagayen kusan kwana 4. Akwai kuma wanda wani sashe na fuskar tauraron ke tasowa, wani yana lotsawa. A 2017 awon na'urar Kepler ya nuna shida daga manyan taurari bakwai na Kaza suna bugu a hankali irin wannan na ƙarshe.

Amfanin wannan sani babba ne. A 1912 Henrietta Leavitt ta nuna cewa a dangin Delta Cephei, wanda zagayensa ya fi tsawo shi ya fi haske na ainihi, da haka ake auna nisan taurari. Har ila yau, kamar yadda makaɗi kan gane girman ganga daga amonta, haka masani kan gane abin da ke cikin tauraro daga bugunsa, alhali ba mai iya leƙa shi.